Ƙarfe Biyun Maraɗi

A daminar da ta biyo bayan yunwa, wadda mutanen ƙasar Katsina suka ci dusa da ganyen tafasa suka ce alhamdu lillahi, babu ɗan ƙodagon da ake rububinsa tsakanin Jibiya da Daddara kamar Nagoggo na Mazanya. Gajere ne mai faɗin ƙirji, in ya duƙa a bakin kunya ba ya ɗagowa sai ya ga ƙarshenta. Samarin yanzu da ke zuwa gona da rediyo a rataye, ko an haɗa uku ba za su yi abin da yake yi kafin hantsi ba. Maza aka yi a lokacin, waɗanda yunwa ta tauna ta kasa haɗiyewa.

Amma ƙarfi ba ya cika rumbu in sama ta hana ruwa. Nasa rumbun ya ƙare tun bazara, matarsa Barira kuma tana jego, kwananta goma sha biyu da haihuwa. Mai jego ba a ce mata ta yi haƙuri sai kaka. Shi ya sa kullum Nagoggo ke saɓa fartanya ya tafi gonar Ya'u Maigyaɗa, wadda ke bakin hanyar mota, jifa kaɗan daga shingen iyakar ƙasar Ingila da ta Faransa. Ladan yini tiyar dawa ɗaya da furar rana. Tiyar nan ita ke riƙe da gidansa. Gonarsa ta gero kuwa tana can bayan Mazanya, kunya saba'in, shuka ta fito da kyau tana jiran noman farko, kuma ciyawa ba ruwanta da cewa mai gona ya tafi ƙodago.

Tun kaka da kakanni akwai ƙa'ida. Ɗan ƙodago na mai gona ne daga fitowar rana zuwa azahar, daga azahar kuma ya koma na kansa. Ba a gardama a kan azahar. Wanda ya fi kowa shekaru zai miƙe, ya juya wa rana baya, ya auna inuwarsa da tafin ƙafa. In ta karkata gabas ta kai ƙafa uku, kowa ya karkaɗe fartanyarsa. Da ɗan abin da ya rage na yinin nan talaka ke raya tasa gonar. A kansa Nagoggo ya dogara. Ya riga ya tsara a ransa, kunya takwas kowace rana, kwana tara ya gama.

Ya'u ba mugun mutum ba ne, a faɗi gaskiya. Furarsa akwai nono, tiyarsa kuma ba a dankwafe mata gindi ba. Ciwonsa ɗaya, son a ce shi ya fara. Shi ya fara hawa keke a unguwarsu, shi ya fara shan shayi da madarar gwangwani. A shekarar nan ya kai gyaɗa Maraɗi, ya dawo da agogon aljihu mai murfi da sarƙa. Ran Talata da safe ya tara ma'aikatansa su goma sha ɗaya a gindin gawo, ya ciro shi a hankali yadda kowa zai gani.

"Daga yau an bar awon inuwa," in ji shi. "Wanga aikin duhun kai ne. Aiki ƙarfe bakwai zuwa ƙarfe biyu, yadda leburorin En'e ke yi a Katsina. Biyu ita ce azahar a birni. Kuma ku sani, da babban agogon ofishin duwan, kwastan ɗin Faransa, aka daidaita mini shi. Duk ranar da na ƙetara sai an duba mini."

Ɗantala, wanda shi ne babba a cikinsu, dogon tsoho daga ƙetaren iyaka, ya kara kunnensa kusa da agogon, ya ce, "Shina da rai, Maigida. Mi kake ba shi ya ci?"

Aka yi dariya, kowa ya kama kunyarsa. Babu wanda ya tambayi yaushe ne bakwai, don kowa ya san safiya.

Da rana ta karkata Ɗantala ya miƙe bisa sabo, ya auna. Ƙafa uku. Mutane suka fara miƙe baya. Ya'u ya buɗe murfi daga inda yake zaune, ya ce, "Yanzu ɗaya ta yi."

Suka sake duƙawa. Nagoggo na noma, amma hankalinsa ba ya wurin. Ya kai ƙarshen kunya ya dubi rana, ya juyo ya kai ƙarshen wata ya dubi Ya'u. Bai taɓa jin nauyin fartanya ba sai ran nan. Sa'ad da aka ce biyu ta yi, ya saci jiki ya auna tasa inuwar. Ƙafa biyar. Ya yi sallar da shi kansa ya san a gaggauce take, ya ƙulle tiyarsa a gefen riga, ya kama hanyar Mazanya rabi tafiya rabi gudu. Ya isa gona ana shirin la'asar. Kunya biyar ya samu kafin ido ya daina rarrabe gero da harƙiya.

Kashegari haka. Ran Alhamis ma haka. Ya kasa haƙuri, ya je ya durƙusa gaban Ya'u.

"Ranka ya daɗe, azahar ɗin wanga abu ta yi nisa. Ladanin Jibiya ya kira tun ɗazu, iska ta kawo mana."

"Ladani da ido yake kira, Nagoggo. Wanga kuwa ƙarfe ne, ba shi da son rai."

"Rana dai ba ta ƙarya."

"To agogo ne ke yi? Koma bakin aikinka."

Ya koma. In ya rufe ido ba ya ganin komai sai gonarsa. Geron ya kai tsawon taƙi, amma harƙiya da komayya sun kamo shi, a kwarin da ke ƙasan gonar ma sun wuce shi. Ganyen ya fara barin kore yana komawa ruwan ɗorawa. Duk manomi ya san abin da wannan ke nufi. Geron da ciyawa ta shaƙe yana ƙarami, ko an nome shi daga baya, sirancewa yake yi kamar tsintsiya, zangarniyarsa ba ta fi yatsa ba. In haka ta faru, baɗi ma ƙodago ne, baɗin baɗi ma ƙodago.

Barira ta ga yadda yake shigowa gida ba ya iya zama. Ya ɗauki igiya ya ajiye, ya leƙa rumbun da ya san ba komai a ciki, ya fita ƙofar gida ya dubi sama ya dawo.

"Zauna ka ci tuwo," ta ce masa, jaririya na kan cinyarta. "Kana ta zagaye kamar kaza mai neman wurin ƙwai."

"Kwarin nan zai tahi."

"To ka bar ƙodagon kwana biyu mana."

"Ki ci mi? Ita ta sha mi?" Ya nuna jaririyar da haɓa. "Kuma kin san mutum nawa ke zaune bakin shinge suna jiran a ce wani bai zo ba? Na tashi daga kunyar nan, kafin in waiwaya wani ya duƙa a kanta."

Ta tura masa akushi.

Ran Juma'a ma'aikata suka fara ƙus-ƙus cewa Ya'u na murɗa agogon a cikin aljihu. Nagoggo bai iya ƙus-ƙus ba. Ya ce a gaban kowa, in dai abin gaskiya ne a rataye shi a reshen gawo, inda ido ke gani. Ya'u ya ji zafin maganar, amma ya rataye, har da cewa wanda ya taɓa sai ya biya da gonarsa. Yinin nan Nagoggo ya zaɓi kunyoyin da ke kusa da itacen. Duk juyowa sai ya ɗaga kai. Ya ga dogon hannu na bin gajere, ya ga ta inda suke zagayawa, ya ga babu ɗan Adam da ya kusance su. Inuwa ta kai uku, agogo ya ce ɗaya. Ta kai biyar, ya ce biyu.

"Ka gani, ɗan Ingila," in ji Ɗantala suna wanke hannu. "Bai cuce mu ba. Ƙila mu ne muke cutar masu gona tun zamanin kakanni ba mu sani ba."

"Kai dai ɗan Faransa, ba ka da gero a ƙasa, shi ya sa bakinka ke da daɗi."

"Ina da shi. Ciyawa ta gaje shi tun makon jiya, na yi mata Allah ya sanya alheri."

Nagoggo bai yi dariya ba. Abin ya tsaya masa a rai. In Ya'u bai taɓa ba, kuma rana ba ta sauya hanya ba, to ina awon ya ɓace?

Lahadi ranar kasuwar Jibiya ce, ba a ƙodago. Tun da gari ya waye yana gonarsa, yana noma kamar mai faɗa da wani. Wajen hantsi fartanya ta ci karo da saiwar kalgo, bakinta ya tsage. Ya tsaya yana kallonta, kamar ya zauna ya yi kuka, sai dai irinsu ba su san yadda ake yi ba. Ya saɓa ta ya nufi Jibiya wurin maƙeri.

Rumfar maƙerin tana kusa da inda manyan motoci ke tsayawa kafin 'yan kwastan su sallame su. Maƙeri ya ce sai ya gama da mutum biyu. Nagoggo ya zauna, ya tashi, ya karɓi zuga-zugi ya taya don a yi sauri, ya sake zama. A kan bencin akwai wani direba, Maharazu, Bakatsinen birni, ya ɗauko goro zai kai Maraɗi, yana cin gyaɗa yana jiran takardunsa. Can sai ya kwance agogon hannunsa, ya ja ɗan maɓallin gefe, ya shiga murzawa. Nagoggo, wanda ya yini yana kallon agogo a reshe, ya ga dogon hannun na tafiya ta inda bai saba bi ba.

"Malam direba, lalacewa ya yi?"

"Lafiyarsa lau. Maraɗi za ni."

"To mi ya haɗa Maraɗi da maishe shi baya?"

Maharazu ya dube shi sama da ƙasa, ya ga dai tambayar gaske ce. "Turawan nan biyu ba su shirya ba, har a kan lokaci. In nan ƙarfe biyu ta yi, can ɗaya ce. Kana ƙetare shingen can ka samu awa guda kyauta. In ka dawo ka mayar musu da abinsu."

"Rana fa? Ita ma tana tsayawa a shingen?"

"Rana ba ruwanta da kwastan. Agogo ne ke da uban gida."

Nagoggo ya matso har gwiwarsa na taɓa ta direban. "In mutum ya daidaita nashi a ofishin duwan, ya kawo shi nan bai taɓa ba?"

"Sai ya riƙa makara kullum. Biyunsa ukun mutane ce."

"Da safe ma?"

"Safe, rana, duk ɗaya. Bakwai ɗinsa takwas ce. Kai, agogo za ka saya ne?"

"A'a," in ji Nagoggo. "Wani ne ya saya, ni nake biya."

Da maƙeri ya gama, bai tsaya ko shan ruwa ba. A hanya bakinsa na motsi shi kaɗai, har wata mai tallan nono ta kauce masa. Ya ƙarasa yinin a gona. Da magariba ya tsaya ya duba, kunya talatin da shida sun nomu, talatin da huɗu na nan, kuma mafi munin su ne suka rage.

Litinin rana na ɓullowa ma'aikata suka hallara kamar kullum. Ya'u ya iso a kan kekensa. Nagoggo ya bi shi gefe, ya durƙusa, ya yi magana ƙasa-ƙasa don kada ya kunyata shi. Ya faɗa masa abin da direba ya ce, tiryan-tiryan. Da Ya'u ya saurara da kunnen basira, da magana ta mutu a nan. Amma mutumin da ya yi kwana shida yana nuna wa duniya agogo, ba zai yarda ɗan ƙodagon da bai san alif ba ya gyara masa shi ba. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ku ji mini Nagoggo. Wai agogon da Bature ya daidaita da hannunsa, shi ne bai san lokaci ba, sai wani direban goro. To ku saurara. Gonata ce, agogona ne. Abin da ya ce shi za a bi, safe da rana."

Nagoggo na durƙushe bai tashi ba. "Safe da rana, ranka ya daɗe?"

"Safe da rana."

"Jama'a kun ji. To mi ya ce yanzu?"

Ya'u ya buɗe murfi. Ya daɗe yana kallo, fiye da yadda ya saba. Ɗantala ya miƙo dogon wuyansa ta bayan kafaɗarsa. Tsohon ya yi aikin hanya a ƙarƙashin Faransawa yana saurayi, bai iya karatu ba amma ya san lambobi da kamanninsu.

"Bakwai ita ce mai kama da fartanya," in ji shi. "Gajeren hannun ko shida bai kai ba, Maigida."

"Biyar da rabi," in ji Ya'u, kamar ana ciro maganar da ƙugiya.

Nagoggo ya tashi, ya je gindin gawo, ya ajiye fartanya, ya zauna ya miƙe ƙafafu. "Aiki bakwai zuwa biyu, haka aka ce mana ran Talata. Mun yi sammako, a gafarce mu."

Ba a taɓa ganin haka ba a ƙasar nan, ɗan ƙodago zaune rana na hawa. Mutane suka tsaya cirko-cirko. Tsoro ne a fuskarsu, don kowa ya san masu jira a bakin shinge. Ɗantala ne ya fara zuwa ya zauna, yana cewa shi dama gwiwarsa na ciwo. Sai wani, sai wani. Ya'u ya ce zai kore su duka. Amma bai kore su ba. Ya san in ya kori mutum goma sha ɗaya ana tsakiyar noma, labarin da zai zaga kasuwa shi ne agogonsa ya yi ƙarya. Ya rataye agogon a reshe, ya koma can gefe yana duba tayar kekensa da ba abin da ya same ta.

Kada a ɗauka Nagoggo hutawa ya yi. Zaman nan ya fi masa noma wuya, don kowane numfashi gani yake da a gonarsa yake. Amma yana da abin da yake yi. Jim kaɗan sai ya miƙe ya auna inuwarsa, wadda yanzu ta miƙe yamma. Ta fara da tsawon da ba ya aunuwa, ta dawo ashirin da biyar, ta dawo ashirin. Da gajeren hannu ya hau lambar mai kama da fartanya, ya auna, ƙafa goma sha huɗu. Ya san nisan Mazanya a ƙafarsa. In ya bar gonarsa inuwa na ashirin, zai iso tana sha huɗu. Mutumin da bai taɓa riƙe allo ba ke nan, ya ɗaure agogon Bature da tafin ƙafa.

Daga ran nan safiya ta zama tasa. Yana idar da asuba ya fice, ya kama noma da sanyin raɓa, lokacin da ƙarfin mutum ke cike. Ya yi kunya huɗu, wani lokaci biyar, ya auna, ya ruga. Ya iso gonar Ya'u gumi na zuba, ya tarar ana miƙewa. Da la'asar ya koma ya ƙara uku ko huɗu. Jikinsa ya zabge, idonsa ya faɗa, Barira ta ce har a barci ƙafarsa na awo. Amma inda ya nome, geron ya buɗe ganye ya yi duhu. Ya'u kuwa ya daina yi masa magana. In Nagoggo ya iso, sai ya buɗe murfi ya duba, ya rufe, ya kau da kai.

Ran Juma'a saura kunya shida, duk a kwari. Ƙasar wurin laka ce, in ruwa ya sauka sai ta kwana huɗu ba ta shiguwa, geron cikinta kuwa ba shi da kwana huɗu. Nagoggo ya fito da asuba ya ga gabas ta haɗe baƙi ƙirin, iska ta tsaya cik. Gari ya waye ba rana.

Ya shiga kwarin. Ciyawar ta kai gwiwa, sai ya laluba da hannu kafin ya gane inda geron yake. Kuma ba ya yiwuwa ya sare ya bari a nan, don ruwa na sauka za ta sake kamawa. Dole ya karkaɗe saiwar, ya tara, ya kwashe zuwa gefen gona. Ya gama biyu, ya miƙe bisa sabo ya dubi ƙasa. Babu inuwa, ko ta ƙafa ɗaya. Ya dubi sama, ya rasa ma inda ranar take. Ya gama ta uku. Cikinsa ya gaya masa lokaci ya yi, don jikin manomi ma agogo ne. Ya saɓa fartanya, ya yi taku goma zuwa hanya, ya tsaya. Ya tuna tiya, ya tuna Barira da bakin jaririya. Ya waiwayo ya ga kunya uku, geron cikinsu ya yi rawaya yana leƙowa ta tsakanin harƙiya. Ya sake yin taku biyar. Aka yi tsawa can wajen Daddara.

Ya dawo ya duƙa.

Bai sake ɗaga kai ba sai da ya kwashe dami na ƙarshe na ciyawa ya jefa a kan iyakar gona. Yayyafi ya fara yana kan hanya. Ya yi gudun da bai taɓa yi ba, ya faɗi sau ɗaya a gangaren rafi, ya tashi. Da ya hango gawo, ya ga mutane a duƙe, ya ƙirga su da ido tun daga nesa. Goma sha ɗaya. A kan kunyarsa akwai wani baƙo, ramamme, da rigar saƙi a yage, yana noma kamar wanda ya kwana biyu bai ci ba.

Ya'u na tsaye ƙarƙashin itacen, ya rufe agogon da tafin hannu saboda ruwa. Bai yi faɗa ba. Ya buɗe murfi, ya juya fuskar agogon wajen Nagoggo.

"Kai ka ce a bi shi. Ɗantala, gaya masa."

Ɗantala ya duba, ya sunkuyar da kai. "Ya wuce fartanya, ya wuce mai bi mata."

"Na gani," in ji Nagoggo. Bai roƙa ba. Ya dubi baƙon, baƙon bai yarda sun haɗa ido ba. Mi zai ce masa? Yunwar da ta koro shi ita ta koro kowa.

Ya juya zai tafi, Ɗantala ya biyo shi 'yan taku kamar zai gyara ƙotar fartanya. "Kwarin fa?"

"Ya nomu."

"Duka?"

"Duka."

Tsohon ya gyaɗa kai. "Jiya na ji ana cewa a Farfaru akwai mai neman hannu, maimai zai fara, noma na biyu. Ban san ko ya samu ba. Ka yi sauri, ɗan Ingila, kunnuwa sun yi yawa."

Ruwa ya kece sosai kafin ya kai gida. Barira na bakin ƙofar ɗaki, ta tara ƙwarya a ƙarƙashin indararo. Ta ga shigowarsa da hantsi, ta dubi gefen rigarsa inda yake ƙulle tiya, ta ga ba ƙulli.

"Akwai sauran dawa?" in ji shi.

"Rabin tiya. In na haɗa da tafasa za ta kai mu gobe."

"Na gama gonar."

Ta ɗago ta dube shi da kyau. "Har kwarin?"

"Har kwarin. Ruwan nan a kan gero yake sauka, ba a kan ciyawa ba."

Ta ce ya shigo ya tuɓe rigar ta matse masa, ya ɗan kishingiɗa tun da yau Allah ya ba shi hutu. Ya shiga, ya zauna a bakin gado, ya karɓi jaririyar ya riƙe ta a tafin hannunsa mai kanta. Bai kai shan ruwa ba ya miƙa mata ita, ya tashi ya leƙa waje.

"Ina kuma?"

"Farfaru."

"Cikin wanga ruwa?"

"Cikinsa ne ba kowa a hanya. In na jira ya ɗauke, sai in tarar da mutum ashirin a ƙofar gidan."

Ya ɗauki tsohon buhu ya ninka ya kifa a kai, ya saɓa fartanya. Barira ta bi shi da kallo har ya fita daga zaure, yana tsallake kwatami, ƙafarsa na yin sauri tun kafin ya kai hanya.